Ƙauri a Motar Kawu

Zuwa ga Kwandasta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Ya aiki, ya zaman nesa da gida? Mahaifiyarki tana nan ƙalau, jiya ma ta zo ta cinye mana rabin yini da hira, ta ce in gaya miki ƙafar ta yi sauƙi. Antinki tana gaishe ki. Ni ma garau nake, in ban da bayan nan da ya saba yi mini tsiya in na daɗe a kujera.

Kin tambaya me ya sa ba na kiran ki a wayar hannu kamar sauran mutane. Dalilin ɗaya ne: in muna magana katse ni kike yi. A takarda kuwa dole ki bari in kai aya.

Tsohuwa ce ta sa ni a gaba kwanan nan. Ina nufin motar makarantar nan da kika girma a kujerar gabanta, kina tsawata wa yaran da suka girme ki wai ke ce kwandasta. Wani ƙauri take yi, irin na wayar wuta in ta fara narkewa. Ba kullum ba. Sai ya taso mini farat ɗaya har in ji cikina ya juya, kafin in nemo inda yake fitowa ya ɓace. Na kai ta wurin Gajere mai gyaran wutar mota, ya kwance gabanta kaf, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya canja waɗanda suka tsufa. Da ya gama sai ya share hannu ya ce, "Baba direba, ba abin da ke ƙonewa a motar nan." Na ce masa fetur ya riga ya kashe masa hanci. Malamar da ke raka yara ma wai ba ta taɓa jin komai ba. Hancin mutanen yanzu sai a hankali.

Ita kuma Antinki ta tsiro da sabon ƙorafi. Wai tana yi mini magana ina share ta, in kafa wa bango ido ina motsa baki kamar mai cin wani abu a ɓoye. Na ce mata shekara da shekaru ina sauraron ta, in kunnena ya ɗan huta ai ba laifi ya yi ba.

Ga aiken da zan yi miki. Tun da can kuna da manyan gareji, ki tambayar mini ko akwai na'urar da ke gano inda wuta ke haɗuwa a mota. Yaran mutane nake ɗauka, ba na son wasa da wuta.

Naki,
Kawu

Kawuna,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya lau. A tsaye na karanta ta a bakin ɗakin aiki, ina ta dariya ni kaɗai har abokiyar aikina ta leƙo ta ga ko lafiya. Ka gaishe mini da Anti, ka ce wa Umma ta rage yawo da ƙafar nan.

Da na koma gida na sake karantawa a nitse, dariyar ta tsaya. Ka yi haƙuri, Kawu, a takardar ma zan katse ka.

Ka ce kai kaɗai kake jin ƙaurin, kuma yana zuwa farat ɗaya da juyawar ciki. Anti ta ce kana kafa ido kana motsa baki, ba ka jin ta. Kai ka rubuta su a matsayin labari biyu, na mota da na gida. Ni tsorona labari ɗaya ne.

In an tambaye ka aikina a asibiti cewa kake, "Waya take liƙa wa mutane a ka." Gaskiyarka, shi nake yi, amma bari in gaya maka dalili. Ƙwaƙwalwa ma da wuta take aiki, 'yar ƙanƙanuwa wadda mutum ba ya ji. Mukan liƙa wasu ƙananan maɓallan ƙarfe a fatar kai, kowanne da siririyar wayarsa zuwa na'ura. Na'urar ba ta saka wa mutum wuta, saurare kawai take yi, tana zana abin da ta ji a allo, layi-layi masu hawa da sauka. Likitan ƙwaƙwalwa ya san zanen lafiya, ya san na matsala. Babu allura, babu zafi. Za a ce ka rufe ido ka buɗe, ka yi ta jan numfashi da ƙarfi, a haska maka wata fitila mai ƙyaftawa, shi ke nan.

A ɗakin nan na sha zaunar da mutanen da suka zo da labari irin naka. Wani lokaci wutar wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa na ɗan lokaci, mutum ya ji warin da babu shi, ya ɗauke, ya dawo bai san ya tafi ba. Zan faɗi sunan, gara ka ji shi daga wurina: wani nau'i ne na farfaɗiya. Ba kowace farfaɗiya ce ke kayar da mutum ƙasa ba, kuma tana da magani. Ni ba likita ba ce, ban ce ita ce ba. Na ce a duba.

Ka je babban asibiti ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Ka tafi da Anti, don ita ce take ganin abin da kai ba ka gani. Ka wanke kai, kada ka shafa mai.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Kafin a duba ka, ka ajiye makullin Tsohuwa. Na san abin da na faɗa, na kuma san wanda na faɗa wa. Amma kai ka rubuta da hannunka cewa yaran mutane kake ɗauka.

Taka,
Kwandasta

Zuwa ga 'yar ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Kowa lafiya.

Na jinkirta amsa da gangan, don da na rubuta a ranar da na karanta taki, da ba za ki so abin da ke ciki ba. Na aike ki neman na'urar mota, kin dawo mini da farfaɗiya. Tun kafin a haife ki nake riƙe da sitiyari, ko kaza ban taɓa takewa ba. Yau ke ce za ki ce in ajiye makulli.

Duk da haka na je, don in rufe bakin kowa. Ni ba baƙon gwaji ba ne. Duk shekara ina kai Tsohuwa wurin masu duba lafiyar motoci, ba ta taɓa faɗuwa ba, saboda ba na kai ta haka siddan. Sai na wanke ta, na ɗaure duk abin da ke ƙara, na bar ta ta huta. Haka na yi wa kaina. Na karɓo ƙwayar barci a kantin magani, na sha kwana biyu a jere, na yi barcin da rabona da irinsa tun ina saurayi. Antinki kuwa a gida na bar ta, mai zuwa gwaji ba ya tafiya da wanda zai tona masa asiri.

Likitar ta tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce 'yata ce ma'aikaciyar asibiti ta matsa a duba ni, kuma nakan ɗan yi ciwon kai. Ban kawo zancen ƙauri ba, ƙauri na mota ne, ita kuma ba makanike ba ce. A wurin gwaji abin da aka tambaye ka shi kake faɗa.

Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki mai labule mai kauri. Wata irinki ta auna kaina da tef tana ɗiga alama kamar tela zai yanka hula, ta liƙa mini maɓallan nan da wani abu mai sanyi da danƙo. Na rufe ido na buɗe, na yi haki kamar wanda ya tura mota, fitila ta yi ta ƙyafta mini. Da na koma karɓar sakamako likitar ta ce ba su ga komai ba. Ta ƙara da wasu maganganu, wai in wani abu ya faru in dawo, amma ni dai na ji abin da na je ji.

Na ci gwajinku. Makulli yana aljihuna. Makaranta za ta tafi hutu ƙarshen makon nan, zan bar wa Gajere motar ya canja sauran wayoyin.

Kawunki

Kawuna,

Ina gaisuwa, ina gaida Anti. Ina lafiya. Na ga sunan da ka kira ni da shi a saman takarda, na kuma gane. Ya yi mini ciwo, amma ba zai sa in yi shiru ba.

Kawu, ba ka ci komai ba, don wannan gwajin ba a cin sa, ba a faɗuwa. Abin da ka yi shi ne ka ɓoye wa mai gyara ɓarnar da ka je a gyara maka.

Sau nawa ina kujerar gaba na ji ka kana faɗa da Tsohuwa, wai duk hanya tana ƙara, da an isa gaban makanike sai ta yi tsit kamar ba ita ba? Ba ka taɓa cewa ta warke ba. Ɗaukar makaniken kake yi ku hau hanyar da ta saba yin ƙarar, da lodi, da gargada, har sai ya ji da kunnensa. Na'urarmu ma haka take. Abin da ya faru a ɗan zaman da ka yi a ɗakin shi kaɗai take ji. Mutane da yawa masu wannan ciwo gwajinsu na farko fes yake fitowa. Kai kuma ka ƙara da ƙwayar barci, wadda irinta kan kwantar da ainihin abin da ake nema, sannan ka bar mai shaida a gida. Likita ba 'yar duba ba ce, da abin da aka gaya mata take aiki.

Ka koma. Ka faɗa mata ƙaurin, da juyawar cikin, da ƙwayar da ka sha. Ka bar Anti ta yi magana har ta gaji. Wataƙila a ce ka rage barci kafin ranar, don a ɗauki zanen kana gyangyaɗi, a nan ne abin ya fi nuna kansa. Wato a hau da kai hanya mai gargada.

Hutun nan ya zo mana daidai, yara suna gida. Amma hutu ƙarewa yake. Shugabar makaranta ya kamata ta san halin da ake ciki kafin a koma, kuma za ta sani.

Taka, ko ka kira ni da sunan ko ba ka kira ba,
Kwandasta

Kawuna,

Ina gaisuwa. Shirun ya yi yawa. Na kira, ba ka ɗauka ba. Umma ta ce jikinka lafiya, amma ka ce mata ka raini yarinya a kujerar gaba, yau ita ce za ta kai ƙararka a raba ka da abincinka.

Ban rubuta wa shugabar makaranta ba. Da na ce za ta sani, daga bakinka nake nufi, don na san wanda ya raine ni. Kai ne ka taɓa juyowa da mota cike da yara tun daga shataletale saboda ka ji birki ya yi laushi, muka makara, aka yi maka faɗa, ko a jikinka.

Sai dai ba zan yi maka ƙarya don ka huce ba. In aka koma makaranta kana kan sitiyari ba a sake duba ka ba, zan nemi izini a wurin aiki in taho. Ba ofishin kowa zan je ba. Kujerar gaba zan zauna, kullum, safe da yamma, idona a kanka, har ka gaji da ni.

Ina kewar wasiƙunka, Kawu.

Kwandasta

Zuwa ga Kwandasta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Antinki da mahaifiyarki suna gaishe ki. Wasiƙunki biyu suna nan, na karanta su fiye da yadda zan yarda in faɗa. Kada ki nemi izinin kowa, ki zauna ki yi aikinki.

Shekaranjiya na je aski. Tsohuwa tana garejin Gajere, an ma cire mata batir. Na zauna, mai aski ya yafa mini ƙyalle, ya ɗora inji a gefen kunnena muna hirar ƙwallo, ina kallon sa a madubi. Sai ƙaurin ya taso. Na buɗe baki zan ce masa injinsa yana ƙonewa. Abin da na gani bayan nan shi ne rabin kaina tas, inji a kashe a hannunsa, shi da wani mai jiran layi sun zuba mini ido.

Ya ce, "Baba direba, lafiya? Ina ta zuba kai kana ta tauna baki kana murza ƙyallen nan. Na ɗauka haushin ƙwallon ne."

Na ce, "Ba ku ji ƙauri ba?"

Suka dubi juna. Ya miƙo mini injin, na taɓa, ko ɗumi bai yi ba.

Na ce, "Tun yaushe na yi shiru?"

Ya sa yatsa a kunnena ya ce, "Tun daga nan." Ya ja shi har tsakiyar kaina. "Zuwa nan."

Kwandasta, ni ban san lissafin likitoci ba, hanya na sani. Ina zaune a kujerar nan na shiga aunawa: kafin a aske rabin kai, ina Tsohuwa za ta kai? Daga ƙofar makaranta za ta wuce mai jarida, ta wuce gidan mai, ta faɗa shataletalen da manyan motoci ke gangarowa. Duk wannan tafiyar ba kowa a sitiyari, yara kuma cike a baya suna waƙa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji a kan hanya ba. Na ce wa mai askin ya ƙarasa, ya kwashe gashin duka, masu liƙa waya su huta.

Jiya da safe na sa rigata mai kyau na tafi makaranta. Na sami shugabar tana shirin dawowar yara daga hutu, na ajiye makullin a teburinta, na faɗa mata komai da bakina. Ta ce in zauna, na ce a tsaye zan fi iya faɗa. Da na fito na zaga bayan ajin ƙanana na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Daga can asibiti muka wuce da Antinki. Ta yi wa likitar bayani har da kwaikwayon yadda nake motsa baki, abin ba kyan gani. Likitar ta yi mini faɗan ƙwayar barci, ta ba mu rana, ta ce in rage barci sosai kafin in zo.

Naki,
Kawu

Kawuna,

Na karanta, na sake karantawa, na je na wanke fuska na dawo. Sannu, Kawu. Allah ya ba ka lafiya. Ban taɓa alfahari da kujerar gaban nan kamar yau ba.

Ranar gwajin ka ci abinci kafin ka fita, amma ban da shayi mai ƙarfi ko wani abin hana barci. Kada ka tafi kai kaɗai. In gyangyaɗi ya zo maka a ɗakin kada ka yi jarumta, ka bar shi ya ɗauke ka, shi ake jira. Wannan karon kada ka ɗaure komai, ka kai musu motar yadda take.

Duk abin da allon ya nuna, ka rubuto mini. Ba zan katse ka ba.

Taka,
Kwandasta

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarki ta warke har ta fi ƙarfinmu.

An yi gwajin. Antinki ce ta ɗauki nauyin hana ni barci, ta samu abin da ta daɗe tana nema, kunnen da likita ta hana shi hutawa. Na ji labarin dangin kowa har da waɗanda suka rasu. Da muka isa ɗakin mai labule, ana gama liƙa maɓallan na fara gyangyaɗi, na bi maganarki ban yi gardama ba.

Ranar sakamako likitar ta juyo mini da allon. Layukan suna tafiya sumul, sai can a na gefen hagu, daidai saman kunne, wasu tsini-tsini suka miƙe, suka kwanta, suka sake miƙewa. Ta sa biro a kai ta ce, "Baba, ga inda wutarka take haɗuwa." Na daɗe ina kallon wurin. Ashe na'urar da na aike ki nema tun farko, ita kike kunnawa kullum. Gajere ya ce in gaya miki yana jiran a ba hancinsa haƙuri.

Sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ma, ba ƙari, ba wani abin tsoro. An ɗora ni a kan magani safe da yamma, ba na tsallakewa. Ƙaurin ya leƙo sau ɗaya a farko, tun daga nan shiru.

Na tambaye ta maganar tuƙi. Ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce ƙaramar mota sai an daɗe ana gani tukuna, motar yara kuwa in cire rai. Na riga na sani, amma ji daga bakinta ya yi zafi. Har yanzu hannuna yakan shiga aljihu da safe yana laluben makulli.

An koma makaranta. Shugabar ta ce yaran sun saba da ni, kuma tana bukatar mai tsayawa a ƙofar mota ya hau da su ya sauke su, malamar da ke raka su tana kusa in wani abu ya taso. Na karɓa. Sabon direban mutumin kirki ne, sai dai ƙafarsa nauyi, yana cin kulocin Tsohuwa ina ji ina gani. Ina gaya masa kullum, yana cewa to, Baba.

Kin ga ban sa sunanki na kullum a saman takardar nan ba. Wannan karon ba fushi ba ne. Na ga kin daɗe ba ki aiki da shi, ni kuma yanzu ina bukata, ki ara mini.

In za ki zo gida ki faɗa da wuri in tare ki a tasha. Da ƙafa zan zo, jakar kuma ni zan ɗauka.

Naki,
Kawu, Kwandasta